Cokali uku da rabi na man gyaɗa

Asabar, bayan isha'i, Tudun Wada.

Da safe na hau sikeli kafin in sa komai a baki. Kilo 84, daidai inda na baro shi sati uku da suka wuce. Ko gezau. Alhali kullum da dare manhajar nan mai ƙirga kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, kore take nuna min, wai ban ma cinye rabona ba. Har na ɗora yatsa zan goge ta, sai na tuna Auta za ta shigo daga Samaru yau, ita ce kuma ta saka min ita a waya. Na ce bari ta zo ta ga abinta.

Ta iso wajen sha biyu, ina kwaɓa ɗanwake. Ta karɓi wayar ta ce, “Yaya, wannan kalori 1,600 ɗin da manhajar ta ware miki a rana, kin san daga ina ta fito?” Ni dai na ɗauka lamba ce da ake ba kowa. Ashe da shekaruna, tsawona da nauyina aka yi lissafin. Ko kwanciya na wuni ina yi, jikina zai ƙone wajen 1,500 a numfashi da bugun zuciya da sauran aikinsa na ciki. Da zirga-zirgar gida da ta makaranta ya kai kusan 2,100. Daga nan aka zare 500, shi ne giɓin. Kilo ɗaya na kitse ana ƙiyasta shi kalori 7,700 ne, to 500 sau bakwai 3,500 ke nan, kusan rabin kilo a sati. Ke nan ya ci a ce yanzu na zubar da kilo ɗaya da ɗoriya.

“To ina ya shiga?” na ce.

Ba ta tanka ba sai da na tsame ɗanwaken na ɗauko kwanon soyayyen mai zan tuttula yadda na saba. Ta riƙe min hannu, ta miƙo cokalin cin abinci. “Da wannan za ki zuba, har sai ya yi miki yadda kike so.” Na zuba ɗaya, ɗanwake ya shanye kamar ƙasar rani. Biyu, uku, sai a uku da rabi ya fara wannan ƙyallin da ke sa yaji ya kama. Kowane cokali kusan kalori 120 ne, don giram ɗaya na mai 9 yake bayarwa, na tsaba ko sukari kuwa 4. Fiye da 400 ke nan a kwano ɗaya, ni kuwa tun da na fara, “ɗanwake” kawai nake rubutawa. Mai ai ba abinci ba ne a wurina, kayan haɗi ne kamar gishiri.

Daga nan fa sai tonon silili. Sukari ƙaramin cokali uku a shayi, safe da dare, kusan 100. Gyaɗar da nake watsawa a baki ina duba takardun ɗalibai, cikin hannu ɗaya ya kai 170. Duk ba na shigarwa. Giɓin 500 tun kafin la'asar na cike shi.

Akwai kuma tattakin da nake yi zuwa Ƙofar Doka in dawo. Wayar sai ta ce na ƙone 200, ta ƙara min su a kan abin da ya rage, ni kuma in saye awara da su a hanya, raina fes. Auta ta ce wannan lambar kintace ce, kuma an riga an sa zirga-zirgata a lissafin farko, kada in ci kuɗin sau biyu.

Umma tana gefe tana jin mu, ta ce a zamaninsu mace in ta yi jiki barka ake yi mata. Na ce Umma, gwiwoyina ne ba su san da barkar ba.

Tuwo ne har yanzu ban san yadda zan yi da shi ba. Malmalar gidanmu daban, ta maƙwabta daban, a manhajar kuma kowa ya shigar da tasa lambar. Auta ta ce in ari ƙaramin sikelin da take auna fulawar cincin, in auna malmala ɗaya sau ɗaya, in riƙe.

Yau da na shigar da komai tsakani da Allah, 2,150 ta nuna, ja wur. Na ɗaure cokalin da zare a wuyan galan ɗin mai. Gobe akwai suna a Gyallesu, kuma na ji an ce waina za a yi.