Talata: ranar zaɓen kayan gina fuskar manhaja

Yinin yau kacokan ya tafi a kan tambaya ɗaya: da me za a gina fuskar manhajar lissafin kayan shago, wadda za ta yi aiki a Windows, da Linux, da Mac? Bukatun ba su da yawa. Jadawali mai layuka dubbai, buga rasit, aiki ba tare da intanet ba, kuma ta tashi a kwamfuta mai RAM gigabait 4 ba tare da nishi ba.

Da safe na fara da Electron, kayan gina manhajar kwamfuta da fasahar shafukan intanet, tunda shi ne ke ƙarƙashin manhajojin VS Code da Slack. Matsalarsa a fili take: kowace manhaja tana ɗauke da nata Chromium (injin burauza) da Node.js (mai gudanar da lambobin JavaScript), don haka ko taga ɗaya ce babu komai a ciki, sai ta ci fiye da megabait 100 bayan an girka. Wanda zai sauke sabuntawa da datar waya shi zai ji a jikinsa. Tauri, wani kayan gini mai kama da shi, ya magance wannan, domin yana aron burauzar da ke cikin kwamfutar: WebView2 a Windows, WKWebView a Mac, WebKitGTK a Linux. Fayil ɗin girkawa kan sauko ƙasa da megabait 10. Sai dai burauza uku na nufin gwaji uku, kuma abin da ya zauna daidai a ɗaya yana iya karkacewa a ɗaya. Ga kuma Rust, harshen shirye-shiryen da aka gina Tauri da shi, da sai an koya idan aikin ya yi zurfi.

GTK, wani kayan gina tagogi da maɓallai, ban daɗe a kansa ba. A Linux ɗan gida ne, a Windows da Mac kuwa baƙo ne, kuma haɗa kayansa aiki ne. wxWidgets, wanda ya faro tun 1992, yana amfani da maɓallan asali na kowane tsari, abin da ke sa manhajar ta yi kama da 'yan'uwanta. Ya cancanci a duba shi, amma idan ana son sauya kamannin wani abu, sai a tarar tsarin bai ba da dama ba.

Bayan azahar na zauna a kan Qt, shi ma kayan gina fuskar manhaja ne, kuma nan ne aikin gaske yake. Abu na farko lasisi. Daga Python, harshen da za a rubuta manhajar da shi, hanya biyu ce ta amfani da Qt: PyQt, wanda ko dai GPL (lasisin da ke wajabta buɗe lambobin manhajar idan an rarraba ta) ko a biya kuɗi, da PySide6 mai LGPL (lasisi mai sassauci a kan haka). Duk mai niyyar sayar da manhaja ba tare da buɗe lambobinta ba, PySide6 ne nasa, da sharaɗin lambobin Qt da manhajar ke dogaro da su (libraries) su zauna a matsayin fayiloli daban, yadda mai amfani zai iya musanya su. Akwai tarko a nan: Qt Charts, ɓangaren zana hotunan ƙididdiga, ba ya cikin LGPL, GPL ne ko na kuɗi. Mutane da yawa sai sun gama zana hoton ƙididdigar ciniki suke gano haka.

Abu na biyu jadawali. QTableWidget, jadawalin Qt da ke zuwa a shirye, yana da sauƙin farawa, amma yana ƙirƙirar abu guda ga kowane gurbi, sai layuka su yi yawa ya fara ja da ƙafa. QTableView (mai nuna jadawali) tare da QAbstractTableModel (mai miƙa masa bayanai) shi ne daidai, domin abin da ke kan allo kawai yake nema. Haka kuma duk aiki mai ɗaukar lokaci, kamar haɗa rahoton wata, dole a tura shi QThread, wato a gudanar da shi a gefe, a dawo da sakamako ta sigina, hanyar aika saƙo ta Qt. In ba haka ba taga ta daskare, Windows ya ce manhaja ba ta amsawa.

Haruffan ƙ, ɗ, ɓ da ƴ ma sai an lura. Ba kowane salon rubutu ke da su ba, sai Qt ya aro daga wani, harafi ɗaya ya fito daban a tsakiyar kalma. Magani shi ne a haɗa salon rubutu na Noto Sans cikin manhajar, a loda shi da umarnin addApplicationFont tun farkon tashi.

Da la'asar na gwada tattarawa da PyInstaller, mai haɗa manhajar Python ta zama abin da za a ba mai amfani. Ba ya gina wa wani tsari daga wani: na Windows a Windows, na Mac a Mac. Na Linux kuma a gina shi a tsohuwar sigar Linux, saboda abin da aka gina da sabon glibc (ginshiƙin da manhajojin Linux ke dogaro da shi) ba ya tashi a tsoho. A Ubuntu sabon girki manhajar ta ƙi buɗewa, tana kukan xcb, abin da Qt ke buɗe taga da shi a Linux. Dalili: tun daga Qt 6.5 ana bukatar ƙunshin libxcb-cursor0, kuma girka shi ya wadatar. A Windows irin wannan kukan na zuwa ne idan fayil ɗin qwindows.dll ba ya cikin foldar platforms. Mac kuwa sai an sa wa manhajar hannu na dijital an kuma tura wa Apple ya tantance, rajistar dala 99 ce a shekara.

Na tsaya a kan PySide6. Abu ɗaya zai iya rushe wannan shawara: Qt 6 ba ya aiki a Windows 7, Python ma daga 3.9 ya daina. Gobe da safe zan bi kwamfutocin shagon ɗaya bayan ɗaya in duba abin da ke kansu. Idan aka samu ko ɗaya mai Windows 7, to sai Qt 5.15 da Python 3.8, ko a sabunta kwamfutar tukuna.