Tantabarun gidan Soong Ching-ling

Zuwana na farko gidan Soong Ching-ling, wanda yanzu gidan tarihi ne, ranar Litinin ne, na tarar da ƙofa a garƙame. Laifina ne, don yawancin gidajen tarihi a Beijing hutu suke yi ranar, ni kuwa ban tambayi kowa ba. Washegari na koma da sassafe, fasfo a aljihu.

Gidan yana bakin tafkin Houhai. Asalinsa lambun fadar Yarima Chun ne, mahaifin Puyi, sarkin Sin na ƙarshe. Soong ta tare a ciki a 1963, a nan kuma ta rasu ranar 29 ga Mayu, 1981. Shekara na zagayowa aka buɗe shi ga jama'a.

Kuskurena na biyu ya fi na farko. Na shiga ban san komai a kanta ba illa matar Sun Yat-sen ce, jagoran da ya kafa Jamhuriyar Sin, don haka na yi ta wuce hotuna kamar mai sauri a kasuwa. Wata 'yar ƙaramar bindiga ce ta tsayar da ni. Ashe kyautar aure ce da Sun ya ba ta lokacin da suka yi aure a Tokyo a 1915, ba da son iyayenta ba. Amarya da bindiga! Dole na koma baya na fara karatu daga farko. Sun ya rasu a 1925, tana da shekara 32. Ƙanwarta Mei-ling, uwa ɗaya uba ɗaya, ta auri Chiang Kai-shek, shugaban Sin da 'yan gurguzu suka kayar, ta bi shi Taiwan. Ita kuwa Ching-ling ta tsaya tare da 'yan gurguzu, har ta zama mataimakiyar shugaban ƙasa a 1959. Saura mako biyu ta cika aka ba ta muƙamin shugabar ƙasa ta girmamawa. A ganina an makara.

A ɗakin kwananta, a bene, an tsayar da agogo a ƙarfe 8:18, lokacin da ta cika da dare.

Inda na fi daɗewa shi ne ɗakin tantabaru. Da hannunta take zuba musu hatsi, kuma har yau ana kiwonsu a wurin. Na yi kiwon tantabara ina yaro, na san ba a yi musu gaggawa. Na tsuguna shiru kusan minti ashirin, kafin wata fara ta sauko tana tsince a gaban takalmina. Awa ɗaya na ware wa gidan, sai da azahar ta gota na fito.