Wasanmu na bayan sallah a filin firamare

Tun ranar Asabar mutane ke ta turo min saƙo a WhatsApp wai Malam ka sa mana bidiyon wasan nan mu ma mu gani, to gaskiya bidiyon da aka ɗauka da waya bai yi ba sam, iska ce kawai ke buga makirfo ga hayaniyar yara ga kan mutane ya tare rabin daɓen, in na sa shi ma zai rage wa abin daraja ne a idon wanda bai je ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda aka yi tun daga farko, ko don waɗanda suke wasu unguwannin nan Bauchi suke son su gwada irinsa.

Mu goma sha bakwai ne a ƙungiyar. Akwai makanikai biyu, akwai mai keke napep, tela ɗaya, ɗalibai uku daga kwalejin Tatari Ali, 'yan mata huɗu, sauran kuma yaran sakandare ne da masu zaman jiran aiki, sai wani ɗan bautar ƙasa daga kudu da aka turo makarantar da nake koyarwa, Hausarsa ba ta wuce ina kwana da nawa ne ba amma shi ya koya mana yadda ake tsayuwa a daɓe ba tare da ka juya wa jama'a baya ba. Sati bakwai muka yi muna rihazal, Litinin da Laraba da Alhamis bayan la'asar, a cikin aji, mu ture bencina gefe mu share ƙasa, kuma kowa na kawo ɗari biyar a sati, wanda ba shi da ita ya kawo abin da ya samu ba a tsananta wa kowa. Babu wanda aka biya ko sisi. Mai napep ɗin nan a lokacin da ya fi samun fasinja yake faka kekensa a bakin get ya shigo, wannan kaɗai ya isa ya gaya maka wani abu.

Labarin wasan kan sara-suka ne, don ba sai an yi wa ɗan Bauchi bayanin mene ne sara-suka ba, kamar yadda ba sai an yi wa ɗan Gombe bayanin kalare ba. Wata uwa ce mai tuyar masa, ɗanta na fari ya fara kwana a waje, ya fara dawowa da kuɗin da ba ta san inda ya samo ba, idonsa ja. Waƙoƙi biyar muka sa a ciki, duk mu muka tsara su, kuma da su labarin ke tafiya, ba wai a tsaya a yi waƙa don nishaɗi sannan a koma magana ba. Ba mu rubuta komai dalla-dalla ba saboda wasu daga cikinmu karatun boko bai zauna musu sosai ba, abin da muke yi shi ne mu tsayar da abin da zai faru a kowace fitowa, kowa ya faɗa da bakinsa, in magana ta yi daɗi sai in rubuta ta a littafi mu riƙe ta. Waƙoƙin kuwa da murya ake turawa a waya kowa ya haddace a wurin aikinsa.

Mutane na ɗauka kuɗi ne babbar matsalar irin wannan harka. Kuɗi matsala ne, amma wallahi bai kai samun yardar iyaye ba, musamman iyayen 'yan mata. Yarinyar da muka ga ita ce za ta iya fitowa a uwa, muryarta in ta ɗaga sai tsigar jikinka ta tashi, mahaifinta cewa ya yi sam. Ban je ni kaɗai ba, na roƙi wani dattijo da suke sahu ɗaya a masallaci ya raka ni, muka same shi a zaure bayan isha, na durƙusa na gaishe shi, aka taɓa hira kan tsadar taki da zafin gari kafin a zo kan magana. Ya ce, "Malam, wasan naku irin na fim ne, da rawa da su kama hannu?" Na ce, "A'a Baba, ko kusa. Da hijabinta za ta fito, kuma uwa za ta zama, babu namijin da zai matso kusa da ita." Ya yi shiru ya daɗe, can ya ce yayanta ne zai riƙa kai ta yana dawo da ita, kuma kada magariba ta same ta a waje, sannan shi da kansa zai zo ya gani ranar da ba mu sani ba.

Ya kuwa zo, wata Laraba, ya zauna a bencin baya da carbinsa bai ce uffan ba har muka kai inda uwar take tsaye a ƙofar gida tana ƙwala wa ɗanta kira da sunansa. Sai ya ɗaga hannu. Gabana ya faɗi na ce shi ke nan an gama. Ya ce, "Malam, wannan ɗan ba ɗan fari kuka ce ba ne?" Na ce shi ne Baba. Ya ce, "To wace uwa ce za ta tsaya a ƙofar gida tana kiran sunan ɗan fari? Ku gyara." Duk ajin ya yi tsit, don mu goma sha bakwai babu wanda abin ya zo wa a rai, alhali kusan duk mun taso mun ga iyayenmu da kakanninmu suna wannan alkunya. Muka gyara, ta koma tana cewa kai, wannan yaron, har ƙarshen wasa ba ta kama sunansa ba. Kuma wannan gyaran shi ya zama ƙashin bayan wasan gaba ɗaya, domin uwar da ke ƙonewa a ciki amma kunya ta hana ta ko kiran sunan ɗanta a gaban mutane, ita ce uwar da kowa ya sani a gidansu.

Da muka je wurin mai unguwa neman izini na shirya dogon bayani, ina farawa da ranka ya daɗe sai ya katse ni ya ce ai shi ma ya yi tashe yana yaro, ya sa gemun auduga ya ɗaura tsumma ya bi gida-gida daga goma ga azumi, me zan gaya masa. Na ji daɗin wannan magana ƙwarai saboda akwai masu cewa dirama baƙuwa ce Turawa suka kawo mana. Daɓe da labule da rubutawa a takarda, eh, wannan ta makaranta ya shigo. Amma kwaikwayo da waƙa da amshi a yi wa mai rowa ko miji marar adalci hannunka mai sanda jama'a na dariya, wannan namu ne tun kaka da kakanni, ga tashe ga wasan gauta ga 'yan kama. Kuma mu 'yan Bauchi bai kamata a ba mu labari ba. Malam Aminu Kano a nan garin ya koyar a makarantar midil a shekarun 1940, lokacin da suke zaman tattaunawa da Malam Sa'adu Zungur da Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma mutum ne da ya rubuta wasanni ya sa ɗalibai suka yi, da su yake faɗin abin da ba a iya faɗa kai tsaye a wancan zamani. Littafin Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa shi ma sai da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan daɓe aka buga a 1975 kafin ya zama fim a 1976. Ita kanta Kannywood da ake ta magana ai daga ƙungiyoyin dirama irin tamu ta fito, 'yan Tumbin Giwa na Kano ne suka yi Turmin Danya a 1990. Abin da ya faru kawai shi ne da kamara ta zo kowa ya bi ta aka bar daɓe, yanzu kuma waya ta zo kowane yaro so yake ya yi barkwancin minti ɗaya ya sa a TikTok.

Mun so mu kama hol, amma inda muka je kuɗin da suka yanka mana irin na masu biki ne, muka yi bayani cewa ba tikiti za mu sayar ba aka ce ba ruwansu. Abin ya yi min ciwo ba kaɗan ba. Sai muka koma filin firamare, barandar aji ta zama daɓe, telanmu ya haɗa tsofaffin zannuwan gado guda shida ya yi labule, muka yi hayar kujerun roba ɗari da kanofi ɗaya na dattawa, mata suka zo da tabarminsu, aka aro janareta da lasifika biyu da fiyano.

Ƙarfe huɗu da rabi muka fara don a tashi kafin magariba. Fitowar farko ba ta yi yadda nake so ba, yaran sun tsorata da ganin jama'a suna ta sauri kamar ana korarsu, mai fitowa a ɗan siyasan da ke ba yaron kuɗi kuma da ya ji ana dariyar babbar rigarsa da tafiyarsa sai ya ƙara gishiri har ya kusa mayar da mugun mutum abin so, wannan kuskure ne kuma na gaya masa daga baya. Amma a hankali suka nutsu.

Muna tsakiyar waƙa ta huɗu, wadda uwar take yi da dare tana zaune gaban tanda babu wuta tana jiran ɗan da bai dawo ba, janareta ya yi tari sau biyu ya mutu. Fiyano ya ɗauke, makirfo ya ɗauke. Ina bayan labule na ga yarinyar ta daskare, makanikanmu biyu sun ruga wurin injin. Mai kalangunmu, wani bawan Allah da ke kiɗa wa mahauta a kasuwa wanda da ƙyar muka shawo kansa ya shigo cikinmu, shi bai tsaya ba, ya dai sassauta hannu ya matse kalangun a hammata ya mayar da shi ƙasa-ƙasa kamar mai rarrashi, yana kallonta yana gyaɗa mata kai. Sai ta ajiye makirfon a kan tabarma ta ci gaba da muryarta kawai. Filin nan da yara suka cika da surutu tun ɗazu ya yi tsit har kana jin kukan awaki daga bayan katanga. Da ta zo wurin amshi 'yan amshinmu uku ne kacal kuma ba a jin su, sai matan da ke kan tabarma a gaba suka karɓa, sun ji shi sau biyu a baya sun riƙe, na bayansu suka karɓa, kafin a zagayo na uku rabin filin ke amsawa. Na ga wata tsohuwa ta ja gefen mayafinta ta rufe fuska. Mahaifin yarinyar yana ƙarƙashin kanofi, kansa a sunkuye, carbin ya tsaya a hannunsa. Wannan shi ne abin da nake cewa waya ba za ta ba ka ba, a waya kai kaɗai kake kallo ka wuce zuwa na gaba, a nan kuwa maƙwabciyarka ce ke waƙar kuma kai ma da bakinka a ciki.

Ba mu rufe labarin ba da gangan. Wannan dabarar 'yan sashen dirama na Jami'ar Ahmadu Bello ce, tun tsakiyar shekarun 1970 suke kai wasa ƙauyukan kewayen Zariya irin su Soba da Bomo, su gina shi daga matsalar mutanen wurin sannan a zauna a tattauna. Da aka kawo inda 'yan sanda suka zo neman yaron yana ɓoye a ɗakin uwarsa sai na fito na ce jama'a, iyayenmu, me za ta yi? Na ji tsoron kada a yi shiru. Ina! Wata Goggo ta miƙe ta ce ta miƙa shi, gara ta kai masa abinci a gidan yari da ta kai shi makabarta. Wata ta ce ke dai ba ki haifa ba ne, aka yi caa, sai da mai unguwa ya sa baki. Wani dattijo ya ce ina uban yaron, me ya sa duk wasan ba a ga uba ba, kuma gaskiyarsa, mun bar wannan giɓin ba mu lura ba.

Can baya jikin katanga akwai wasu samari da tun farko na lura da su, ba su zauna ba kuma ba su tafi ba, kowa a unguwa ya san su. Ana kwashe kujeru ɗaya daga ciki ya zo ya same ni, ya gaishe ni da ladabi, ya ce, "Malam, wasan ya yi, amma kun sassauta wa mai ba da kuɗin. Ba haka yake magana ba. Ba ya zuwa da kansa ma, aike yake yi." Na ce to ka zo ranar Alhamis ka nuna mana yadda yake. Ya yi murmushi ya ce zai duba.

Wasu sun ba ni shawara mu nemi ƙungiyoyin nan masu ba da tallafi su ɗauki nauyinmu. Ba na ƙin taimako, muna bukatarsa, har yau akwai bashin kujeru a kanmu. Amma na sha ganin wasannin wayar da kai da ake kawowa da saƙo a rubuce daga ofis, a tara mutane a yi musu lacca da sunan dirama a ɗauki hoto a tafi, kuma ba na so namu ya koma haka, in za a taimaka a bar mana labarinmu a hannunmu.

Yanzu dai an gayyace mu wata unguwa ta wajen Yelwa nan da sati uku. Za mu ƙara fitowar uba, za mu sake gina ɗan siyasan, kuma mun yanke shawara waƙa ta huɗu ko da wuta ko babu wuta ba makirfo za a yi ta. Mai kalangu ya ce fatar kalangunsa ta gaji tana son canji, mun fara haɗa masa kuɗin. Duk mai tsohon zanin gado da ba ya amfani da shi ya taimaka mana da shi don labulen ya yage ta gefe ɗaya, kuma rihazal na nan ranar Alhamis bayan la'asar a ajin da muka saba.