Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Sadakin da Na Mayar

Makon jiya na tsaya a inda baban yara ya rantse a gaban Inna cewa hannunsa ba zai taɓa rubuta mini takarda ba. Bai sake ni ba, bai zo ya mayar da ni ba, bai aiko wa yara ko ƙwayar hatsi ba. Irin wannan zaman ne aya ta 129 a Suratun Nisa'i ta hana, a bar mace a rataye, ita ba mai miji ba, ita ba sakakkiya ba. Da na ga abin ya ƙi ƙarewa na ce da Inna zan kai ƙara.

Baffa ne ya fara jin labari, da yake shi ne waliyyina tun bayan rasuwar Baba. Ya kira ni, na durƙusa, ya ce: "Ke yarinya, shari'a saɓanin hankali ce. Wanda ya shiga da gaskiyarsa ma yakan fito ba ita." Na ce, "Baffa, to ya zan yi?" Ya ce in ƙara haƙuri. Allah ya jiƙansa, ya riƙe mu riƙo na gaskiya, amma wannan maganar tasa ta ci mini abin da har yau ban daina jin zafinsa ba.

Na je duk da haka, Yaya ya raka ni. Magatakarda ya tambaye ni me nake nema, na ce rabuwa nake so. Ya ce, "Wato khul'i?" Na ce eh, don a lokacin duk rabuwar da mace ta nema a wajen alƙali sunanta khul'i a kunnena. Ya rubuta, aka yanki sammaci, aka sa rana. Ba wanda ya zaunar da ni ya ce ƙofa biyu ce. Akwai khul'i, inda mace ke fansar kanta da dukiya saboda zuciyarta ta ƙi zaman ko da mijin bai yi mata laifi ba, kamar matar Sabit bin Ƙais da Annabi (SAW) ya ce ta mayar da lambun da aka ba ta sadaki. Akwai kuma raba aure saboda cutarwa, duka ko zagi ko hana ci da sha, inda alƙali ke raba su in abin ya tabbata, kuma ba ta biyan komai. Ni da tabon da ke gefen idona har yau, a ƙofar farko aka shigar da ni.

Ranar zama ya zo cikin manyan kaya, ya ce, "Allah gafarta Malam, ni ina son matata, ban san abin da na yi mata ba." Na faɗi duka, na faɗi yunwa. Alƙali ya ce ina shaidu, kuma ban ga laifinsa ba, hujja a kan mai ƙara take, rantsuwa a kan wanda ya musa. Sai dai wa ke ganin abin da ake yi a cikin ɗaki? Matar maƙwabcinmu da ta sha ɓalle ƙofa ta ƙwace ni, mijinta ya ce ba za ta taka kotu ba. Gwaggo da ta gasa mini jiki da hannunta, Baffa ya ce kada ta kuskura ta je ta tona asirin zumunta.

Aka yi ta ɗage zama. Daga baya alƙali ya ce a kawo mutum ɗaya daga dangina, ɗaya daga danginsa, su zauna su duba, yadda aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta tsara. Wannan tsari ne mai kyau in an sami masu tsayawa. Su aka turo wansa, mutum mai baki. Ni aka turo Baffa. Yaya ya ce tun kafin a yi nisa Baffa ya ce, "Shari'a saɓanin hankali ce, a faɗi abin da za a biya kowa ya huta." Suka nemi har kuɗin hidimar biki a haɗa. A nan dai alƙali ya tsaya, ya ce sadaki kawai za a mayar. Inna ta sayar da 'yan kunnenta na gado, na sayar da keken ɗinkina, muka ajiye kuɗin a gaban kotu, ya furta saki ɗaya, aka rubuta, aka buga hatimi.

Na tuna, ashe ban ba ku labarin keken nan ba. Baba ne ya saya mini shekarar da ya rasu. Da shi na ciyar da yara duk tsawon zaman da ubansu ya yi watsi da mu, kuma shi aka sayar aka ba uban nasu kuɗin.

Shekaru sun wuce, na yi wani auren, na koma makarantar matan aure, muna karanta Risala ta Ibn Abi Zaid. Muka zo babin aure da saki, malama ta fassara cewa mace tana iya fansar kanta da sadakinta ko ƙasa da shi ko sama da shi matuƙar ba cutar da ita ake yi ba, in kuwa saboda cutarwa ne, to za a dawo mata da abin da ta bayar kuma rabuwar ta tabbata. Na ce, "Malama, a maimaita." Ta maimaita, ta ƙara da cewa malaman Malikiyya suna karɓar shaidar ji a wannan babi, wato in cutarwar ta yaɗu a bakin mutanen kirki, ba sai wanda ya gani da ido ba. Duk layinmu ba wanda bai san ana dukana ba. Na fita waje na yi kuka mai isata. A lokacin Baffa ya shekara biyu a ƙasa. Na so a ce yana raye in kai masa littafin cikin ladabi in ce, Baffa, ga shari'ar nan, ba ta saɓa wa hankali ba, shaiduna aka hana zuwa.

Abu ɗaya khul'in ya yi mini, kuma ina gode wa Allah a kansa. Saki ne yankakke, ba kome a cikinsa sai da sabon ɗaurin aure da yardata. Ina cikin idda, ko tsarki na biyu ban kai ba cikin ukun, sai ga aike wai ya mayar da ni. Yaya ya ɗauko takardar kotu ya karanta wa ɗan aiken tun daga sama har hatimi. Ciyarwar idda kuwa ban samu ba, don mai khul'i ba ta da ita sai in tana da ciki.

Da ya ga wannan ƙofar ta rufe sai ya juya kan yara. Ya aiko cewa a haɗa musu kayansu, 'ya'ya na uba ne. A mazhabarmu riƙo na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan mijinta, in uwa ta yi wani aure kuma riƙon ya koma wajen mahaifiyarta kafin a zo kan dangin uba, ciyarwa tana kan uba duk inda suke. Wannan karon Inna ba ta bari Baffa ya ji ba sai da sammaci ya isa hannun baban yara. Yadda muka kwashe a wannan zaman, da abin da babbar 'yata ta faɗa wa alƙali, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.