Tazarar huji ɗaya

Ranar Alhamis na miƙa makullan wajen motsa jikin da na yi wa aiki shekara huɗu a Jidda. Kejin ƙarfen nan na kusurwa, wanda ake ɗora sandar ɗaga nauyi a kan ƙugiyoyinsa, yana nan yadda na same shi.

Duk wanda ya taɓa ɗaga ƙarfe a cikinsa ya san ciwonsa: hujojin da ake maƙala ƙugiya sun yi wa juna nisa. A keji mai kyau tazarar santimita 5 ce, wasu ma 2.5 a daidai tsayin benci. Namu ya kusa ninka santimita 5 ɗin. In gajeren mutum ya zo, ko sandar ta yi masa sama sai ya yi ɗage, ko ta yi ƙasa sai ya durƙusa kafin ya ciro ta.

Sai na yi dabara. Nakan sa ƙugiya a hujin sama, in ajiye faifan ƙarfe mai kilo 20 a ƙarƙashin kowace ƙafa. Mudir, wato manajan wurin, ya gani da idonsa, har ya dafa kafaɗata ya ce na hutar da shi sayen sabon keji.

Wani dare cikin azumi, bayan tarawihi, wuri ya cika maƙil. Wani yaro Bakano ya ce, "Yaya, a gyara min kamar kullum." Na gyara. Kilo 100 ne a kafaɗarsa, sanda mai 20 da faifai huɗu. Ban taɓa zama na lura ba cewa bayan ciro sanda akwai ja da baya, wato dole ya sauko daga kan faifan da kaya a kansa. Faifan ƙarfe kuwa ba shimfiɗaɗɗe ba ne, yana da baki, yana da kwari, ga zufa a ƙasa. Diddigensa ya zame, idon sawu ya gurɗe. Sandunan tsaro da za su tare kayan, na bar su can ƙasa saboda sauri. Wata biyu bai taka ƙafar da kyau ba.

Laifina ne, haka na faɗa masa a asibiti, ya ce ya yafe. Abin da ya tsaya min a rai shi ne mudir ya rantse a gaban mai wurin cewa bai taɓa ganin ana haka ba. Aka yanke min rabin albashi. Iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, tana ƙarƙashinsu, na haɗiye maganar.

Tun daga ranar, in tsayi bai yi daidai ba, hujin ƙasa nake zaɓa, a ɗan durƙusa. In dole a ƙara tudu, tabarmar roba mai faɗi, wadda mutum zai ja baya yana kanta. Sandunan tsaro kafin a sa wa sanda faifai. Ba wanda ya sake faɗuwa a hannuna.

Wanda ya gaje ni ɗan Mai Wurno ne daga Sudan. Kafin in fita na kai shi kusurwar, na nuna masa hujin ƙasa, na ce, "Ƙanena, ko mudir ne ya yaba maka faifai a ƙarƙashin ƙafa, ka ce ya rubuta maka a takarda."