Yadda nake hango hazo tun bai iso Kano ba

Kaso mai tsoka na hazon da ke lulluɓe mu da hunturu daga wuri guda yake tasowa: kwarin Bodele a arewacin Chadi, kudu maso yammacin garin Faya. Can da daɗewa ƙasan wani makeken tafki ne, wanda Tafkin Chadi na yanzu ragowarsa ne kawai. Da ruwan ya ƙafe sai ya bar farar ƙasa mai laushi kamar garin alabo. Iskar arewa maso gabas kuwa tana matsewa tsakanin tsaunukan Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi, ta kwashi wannan gari ta yo mana nan da shi.

Ciwon asmar mahaifiyata ne ya sa na shiga bibiyar abin. Ranar da gari ya yi buji ba ta iya barci, shi ya sa nake son in sani tun kafin ya zo.

Shafin Worldview na hukumar NASA nake buɗewa, kyauta ne, sai dai yana cin data. Hotunan taurarin ɗan'adam irin su Terra, wanda aka harba a 1999, da Aqua na 2002, suna fitowa sa'o'i kaɗan bayan an ɗauka. Abin da na fara ganewa shi ne kallon saman Kano ɓata lokaci ne. In ka ga ƙura a kan garinku, ai ka riga ka shaƙe ta. Bodele nake dubawa. Idan na ga fararen zirara sun miƙe daga kwarin sun nufo Tafkin Chadi, na san yawanci cikin kwana ɗaya ko biyu za mu ji a jikinmu.

Matsalar waɗannan taurari ita ce wucewa suke yi, ba sa tsayawa. Don haka na haɗa da Meteosat na Turawa, wanda ke kallon Afirka daga wuri guda, yana aiko hoto duk minti 15. Yana da wani haɗin launi da ƙura ke fitowa ruwan hoda a cikinsa, kuma da yake zafi yake aunawa, ko da dare yana aiki. A nan na ga cewa da hantsi iskar ta fi tayar da ƙurar.

Wurin da aikin ya fi wuya shi ne raba hayaƙi da ƙura, domin a Disamba da Janairu tare suke tafiya. Lokacin ne ake ƙona daji daga tsakiyar Najeriya har kudancin Chadi da Afirka ta Tsakiya, wasu don sharar gona, wasu don farauta. Hayaƙi ruwan toka ne mai ɗan shuɗi-shuɗi, kuma in ka bi jelarsa za ka tarar da jan ɗigo, alamar wuta. Ƙura ta fi kusa da ruwan ƙasa, ba ta da ɗigo a gindinta. Ɗigon ma sai an yi hattara da shi. Ba girman wutar yake nunawa ba. Na'urar VIIRS, wadda ke hango wutar daga kan tauraron ɗan'adam, murabba'i mai faɗin mita 375 take yi wa alama, ko da wutar ba ta wuce kusurwar gona ba. Jajayen ɗigon da ke fitowa a yankin Neja Delta rani da damina kuwa, iskar gas ce ake ƙonawa a wuraren haƙar mai.

Akwai kuma abin da hoton ba ya faɗa, wato nisan ƙurar daga ƙasa. A Yunin 2020 ƙurar Sahara ta ƙetare Tekun Atlantika har tsibiran Karibiyan, a 2023 hayaƙin gobarar dajin Kanada ya kai Turai, amma a can sama suka yi yawancin tafiyar. Ƙurar hunturu kuwa ƙasa-ƙasa take bi, shi ya sa take hana jirage sauka. Saboda haka ba na yanke hukunci da hoto kaɗai. Nakan duba hasashen NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, in kuma tambayi wani abokina direba da ke zirga-zirgar Maiduguri ko yana hango hanya da nisa. In bakinsu ya zo ɗaya da hoton, tun da yamma nake kira gida in ce, "Inna, a rufe tagogi, a ajiye maganin shaƙa kusa, gobe kada ki yi sharar safe."