Abin da Turbo da Hawan Hada Suka Koya Mini a Warsha

A ƙarshen wannan wata zan bar warshar da na daɗe ina aiki a cikinta a Sina'iyyar Jidda, wato unguwar masu gyaran motoci, kuma tun da labarin ya fita, 'yan'uwa kanikawa da yaran da suka koyi aiki a hannuna suke ta tambayata dalili. Dalilan suna da yawa, amma kusan dukkansu suna da alaƙa da buƙatar da masu tsofaffin motoci ke shigo mana da ita kullum, wato a ƙara wa ƙaramin inji mai silinda huɗu ƙarfi, da kuma irin amsar da ake tilasta wa bakanike ya bayar idan wanda ke samansa ba ya hangen komai sai cinikin ranar. Waɗanda suka san wurin sun san mu'allimin, wato shugaban warshar, da nake nufi, saboda haka babu buƙatar ambaton suna.

Motar da ta jawo maganar Corolla ce ƙirar ƙarshen shekarun 1990, mai injin 4A-FE, wanda girmansa cc 1,587 ne, mai bawul 16, kuma ƙarfinsa yana sabo bai wuce doki ɗari da 'yan kai ba. Mai ita wani matashi ne Bahaushe haifaffen Makka, wanda yake kaddadi, wato jigilar fasinja da motarsa, tsakanin Makka da Ɗa'if, kuma ya zo mana a tsakiyar zafin 2018. Kukansa shi ne, idan ya ɗauki fasinja huɗu da kayansu ya kunna mukayyif, wato na'urar sanyaya mota, da zarar ya wuce Kar da ke gindin dutse ya fara hawan Hada, dutsen da ake hawa kafin a shiga Ɗa'if, sai motar ta zama kamar ana riƙe ta, har ya koma giya ta biyu motoci suna danna masa oda a baya. Kukan yana da tushe. Ɗa'if tana kan tsayin kusan mita 1,900 daga saman teku, Makka kuwa ba ta kai mita 300 ba, kuma injin da ke zuƙar iska da kansa yana rasa kimanin kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 300 da ya hau, saboda iskar sama ba ta da kauri. Ke nan ko da injin lafiyayye ne, kafin ya kai saman dutsen ya zubar da kusan kashi ɗaya cikin shida na ƙarfinsa, ga kuma abin da kwamfuresan mukayyif yake ci daga ragowar.

Abu na farko da na yi shi ne na cire fulogai na auna matsin kowace silinda. Littafin Toyota ya ce matsin wannan inji ya kamata ya kai kilo 13.5 a kan kowane murabba'in santimita, kada ya gaza 10, kuma bambancin da ke tsakanin silinda da silinda kada ya haura 1. Uku daga cikinsu suna lilo a wajen 11, ta ukun kuwa ta tsaya ƙasa da 10. Na ɗiga mata ɗan baƙin mai ta ramin fulogi na sake aunawa, sai allurar ta tashi, wanda hakan ya nuna ringi ne suka cinye, kuma ba abin mamaki ba ne ga motar da ta shekara ashirin tana shaƙar ƙurar Hijaz. Matashin yana tsaye a kaina ya ce, "Kawu, ni dai so nake ta hau Hada ba tare da na kashe wa fasinja mukayyif ba." Na ce masa, "Ɗana, ƙarfin da Toyota ta zuba wa motar nan ma ya tsiyaye, bari mu fara dawo da shi tukuna, sannan mu ga ko akwai sauran magana."

Na ba shi zaɓi biyu. Na farko a sauke injin, a sa sabbin ringi da gaskit, a goge bawul, a wanke nozul, a mayar da taimin kan digiri 10 da littafi ya faɗa, a kuma duba ko tukunyar tace hayaƙi ta toshe, domin toshewarta kaɗai tana iya shaƙe inji a kan tudu. Na biyu, wanda ni na fi so, a je tashlihin Biraiman, inda ake sayar da kayan matattun motoci, a nemo injin 7A-FE. Ɗan gida ɗaya ne da nasa, faɗin silindarsu ɗaya, milimita 81, amma tafiyar fistan ɗinsa milimita 85.5 ce maimakon 77, wanda ya kai girmansa cc 1,762, kuma yana zama a gurbin wancan ba tare da yanke-yanke ba. Abin da mai hawan tudu da kaya yake buƙata shi ne ƙarfin juyi tun inji yana ƙasa-ƙasa, kuma doguwar tafiyar fistan shi take bayarwa.

Muna cikin wannan magana mu'allim ya fito daga ofis. Ya saurara kaɗan, ya dafa kafaɗar yaron, ya ce masa wannan duk shawarar tsofaffi ce, maganin Hada turbo ne, kuma yana da guda a ajiye. Domin a yi adalci, rabin maganarsa gaskiya ce, tunda turbo yana amfani da hayaƙin salansa ya juya fanka ta cusa wa inji iska da ƙarfi, saboda haka yana cike giɓin da tsayi ke haddasawa, kuma shi ya sa manyan motocin dizal ba sa rabuwa da shi. Rabin da ya ɓoye shi ne wanda ke cinye kuɗi. Iskar da aka matsa tana yin zafi, kuma a garin da aka taɓa auna digiri 52 a watan Yunin 2010, zafi ne ake ɗorawa a kan zafi, don haka dole a sa mata na'urar sanyayawa kafin ta shiga inji. Ƙarin iska yana buƙatar ƙarin fetur, domin haɗin kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur da ya dace da tafiya ta yau da kullum fetur ɗinsa ya yi wa injin da ake cusa wa iska kaɗan, sai an sauko da shi wajen 12 ko ƙasa kaɗan. Kwamfutar motar kuwa an gina ta ne a kan injin da ke zuƙa da kansa, ba ta san yadda za ta yi lissafin abin da ya haura nauyin iskar waje ba. Sannan ga ma'aunin matsi na 9.5 da injin ya zo da shi, wato yawan ninkin da fistan yake matse iska da fetur a cikin silinda. Ita kanta Toyota, lokacin da ta fitar da 4A-GZE, wanda ɗan wannan gida ne da ake cusa wa iska, sai da ta sauke ma'aunin zuwa 8, ta sa masa fistan masu ƙwari na musamman, ta haɗa masa na'urar sanyaya iska. Kamfanin da ya ƙera injin ke nan, a kan sabon ƙarfe, mu kuwa za mu yi a kan ringin da suka riga suka gaji.

Duk wannan na faɗa wa mu'allim a gefe, cikin ladabi. Da na ga ya kafe, sai na roƙi abubuwa huɗu: na'urar sanyaya iska, manyan nozul da ƙaramar kwamfutar da za ta sarrafa su, a ja taimin baya, kuma a shaida wa mai mota cewa daga ranar sai fetur mai oktan 95, wanda ya fi jure matsi da zafi. Ya soke ukun farko da hujjar cewa farashin zai kori yaron. Na huɗun kuma ya rushe shi da bakinsa a gabana, ya ce wa yaron ya ci gaba da shan 91 babu komai. Ya san abin da yake yi, domin tun watan Janairun shekarar lita ɗaya ta 91 ta koma riyal 1.37, ta 95 kuwa riyal 2.04, kuma babu mai kaddadin da zai yi murna da wannan bambanci. Daga nan ya ɗaga murya yadda yaran warsha za su ji, ya ce an kawo ni ne in ɗaura abin da aka ce in ɗaura, idan ana neman injiniya an san inda za a samo shi. Wanda iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa a ƙasar, take hannun wani ya san ma'anar irin wannan magana, kuma na ɗaura.

Da daddare mu'allim ya ɗauki yaron suka gwada motar a shimfiɗaɗɗen titi, suka dawo suna dariya, domin a gajeren taki turbo yana burge kowa. Sai dai hawan Hada ba taki ɗaya ba ne, kwana ce bayan kwana, ƙafa a kan totur na tsawon lokaci, kaya a baya, zafi yana taruwa a kan fistan babu damar hucewa. A irin wannan hali fetur mai ƙaramin oktan yana fashewa da kansa kafin wutar fulogi ta gama cinye shi, shi ne sarƙa'ar nan da ake ji kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Yaron ya ce ya ji ƙarar, amma an riga an gaya masa cewa haka kukan turbo yake. Ba a jima ba saɗaha, wato motar ɗaukar motocin da suka lalace, ta sauke mana motar, shi kuma ya ba da labarin yadda ya tsaya a gefen dutse da fasinjojinsa, har da wata dattijuwa, birai suna hawa kan but suna neman abinci.

Da na buɗe kan injin, fistan na uku, wato na silindar da na nuna tun farko, gefensa ya zaizaye kamar an gutsura, dandamalin da ke riƙe ringi na sama ya karye, ringin ya rabu gida-gida ya karce bangon silinda. A kan fulogin akwai ƙananan ɗigo-ɗigo na alminiyon da ya narke ya manne, tangaran ɗinsa kuma ya yi fari fat saboda ƙarancin fetur. Duk bakaniken da ya ga fulogin nan ba ya buƙatar a yi masa bayani. Mu'allim ya karɓe shi daga hannuna, ya jefa a kwandon shara, ya juya ga mai mota da mahaifinsa ya ce laifin na wanda ya ɗaura ne, wai ban ɗaure tiyon ruwa da kyau ba har injin ya yi zafi. Lagireton motar yana cike da ruwa a lokacin da yake wannan magana, kuma yaran warsha sun gani, amma kowa ya sunkuyar da kai, kuma ban ga laifinsu ba. Dattijon ya dube ni ya ce, "Malam, da ka san ba ka iya ba ai da ka faɗa." Wannan kalma ta fi kuɗin da aka yanke mini ciwo, domin ta fito ne daga bakin ɗan'uwa, da harshenmu, a gaban wanda ba ya jin abin da aka ce amma ya fahimci ya yi nasara.

An yanke mini kusan rabin albashi wata bayan wata har aka biya kuɗin injin. Sai daga baya wani da ya san dokar ƙwadago ta ƙasar nan ya karanta mini sashe na 91, wanda ya ce ko da an tabbatar ma'aikaci ne ya yi ɓarna, abin da za a cire masa bai wuce ladan kwana biyar a wata ba, kuma yana da damar kai ƙara. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, kuma shi mu'allim har yau yana tsaye a kan nasa yana ba baƙi labarin Corollar a matsayin misalin sakacin ma'aikata. Tun daga 14 ga Maris 2021 doka ta bai wa ma'aikaci damar sauya wurin aiki bayan shekara guda ba tare da sai kafil, wato uban gidan da ya ɗauke shi aiki, ya yarda ba, amma nauyin iyali da bashi suka sa ban motsa da wuri ba.

Matashin ya gane gaskiya da kansa bayan wani bakanike a Makka ya duba ragowar injin ya gaya masa abin da na gaya masa. Ya nemo ni ya ba ni haƙuri, muka je tashlihi wata Juma'a bayan sallah, na auna matsin injina har na sami 7A-FE mai lafiya, na ɗaura masa a garejin wani aboki tare da sabon faifan kuloci da lagireto mai kauri. Motar tana hawa Hada a giya ta uku da mukayyif a kunne, tana shan 91, kuma ban karɓi ladan aikin ba.

Sauran abubuwan da na koya ba su kai wannan tsada ba. Matatar iska mai siffar mazurari da samari ke so, idan aka bar ta a cikin ɗakin inji, iska mai zafi da ƙura take zuƙa. Faffaɗar salansa tana ƙara ƙara, tana rage ƙarfin juyi a ƙasa, kuma tana jawo hankalin Murur, wato 'yan sandan hanya. Manyan rim da tayoyi masu nauyi suna cinye ƙarfin ƙaramin inji fiye da yadda masu su ke zato, haka ma birkin da ke kamawa da kulocin da ke zamewa. Wanda ya fasa tukunyar tace hayaƙi maimakon ya sauya ta zai gamu da masu fahas, wato masu binciken lafiyar mota. Yaron da ya zo neman ƙarfi don tafhiɗi kuwa, wato wasan zamiya da mota a kan titi, a tuna masa cewa tun 2016 tarar karon farko riyal 20,000 ce, wadda ta fi kuɗin motarsa. Kuma duk wanda ya ƙara wa inji ƙarfi ya bar birki yadda yake, ya tuna cewa wanda ya hau Hada sai ya sauko.

Ga yaran da zan bari, shawarata ita ce duk abin da kuka auna ku rubuta shi a katin aiki da kwanan wata, ku ɗauki hotonsa a waya, kuma idan aka umarce ku da abin da kuka san zai lalata inji, ku nemi mai umarnin ya sa hannu, za ku ga yadda murya take sauka. A yanzu haka akwai wata Sunny a layi na baya da aka riga aka karɓi kafin alƙalamin turbo a kanta. Na auna ta ranar Talata, silinda ta biyu da ta uku duk sun yi ƙasa kuma daidai da juna, alamar gaskit ya ƙone a tsakaninsu. Na rubuta a katinta, na kai ofis, an mayar da katin cikin durowa, kuma an ce ranar Asabar za a fara ɗaurawa.